Rumfar Gadar da na Ɓoye a Leda

Tun da na dawo daga Zamfara ban huta da tambaya ba. A masallacin unguwa, a wurin mai shayi, har a bakin ƙofar ofis, kowa sai ya tare ni: "Malam Isiyaku, ya hanya? Da gaske har Gummi kuka je neman ciyawa?" Wasu labarin tsoron hanya suke son ji, wasu kuma abin dariya kawai suke nema. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi ina tsallake inda bai yi mini daɗi ba. To ga shi nan duka, har da wurin da nake tsallakewa.

Ga wanda bai san ni ba, aikina a ɗakin adana tsirrai na jami'a yake. A kawo reshe da furensa da 'ya'yansa, in shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, in danne da katakon matsi har ya bushe, in manna a farin kwali, in liƙa 'yar takardar bayani a gefe, in jera a kabad. A takardar nan akwai layi guda da ake rubuta sunan wanda ya tsinko tsiron da lambarsa, kuma ba a goge shi har abada. Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki, kayana duk warin kafur suke, amma babu kwali ko ɗaya mai ɗauke da sunana. Na sha bin manya daji, ni ne hawa bishiya, ni ne shan ƙaya, in an dawo sai a miƙo mini littafi a ce, "Buga sunan Farfesa." Ga shi baɗi zan ajiye aiki. Na daɗe da sayen ɗan littafin daji nawa na kaina, na rubuta lamba ɗaya a shafin farko, gabanta fili.

Kabad ɗin dangin kirfa da fiya da kafur shi ne mafi talauci a ɗakinmu, don waɗannan itatuwa ba 'yan ƙasarmu ba ne. Ɗan uwansu guda da ke fitowa da kansa a dajinmu ko kama da su bai yi ba: wata igiya ce siririya, ba ganye ba saiwa, mai nannaɗe wani icen tana shan jininsa. Rumfar gada ake ce mata. Wadda muke da ita tsohuwa ce, ba fure ba 'ya'ya, ƙwari sun gama da rabinta. Ita aka ce a je a samo cikakkiya, kuma aka ba Dakta Bashar jagorancin tafiyar.

Bashar ɗin nan a hannuna ya koyi riƙe almakashin reshe. Ni na koya masa dokoki biyun da nake faɗa wa kowane ɗalibi: tsiro ba ya kwana a leda, kuma takardar bayani ba ta ƙarya, wanda hannunsa ya yanka shi ke da suna. Ya tafi waje ya dawo da digiri, yanzu ofishinsa da na'urar sanyi, ni ina nan da fankata mai ƙara. Bai taɓa yi mini rashin kunya ba, kullum sai ya rusuna ya ce "Malam," kuma wallahi wannan ladabin ya fi komai ƙona mini rai. Da zai yi girman kai da na samu abin riƙewa.

Muka bar Kano da sassafe a tsohuwar motar sashe, lokacin kaka, gero ya isa yanka. Dokar hanyar guda ce, kowa ya nanata mana ita: kada la'asar sakaliya ta same ku a kan titi. Muka wuce Funtuwa lafiya. Inda ƙasar Katsina ta ƙare ta Zamfara ta fara, jami'an tsaro masu shinge suka tsayar da mu, aka buɗe bayan mota. Wani dogo ya zare igiyar katakon matsi, ya ga busasshen ganyen da na bari a ciki tun wani aikin, ya shinshina, ya dube ni sama da ƙasa kamar ya kama dillalin wiwi.

"Baba, da girmanka?"

Na hau bayani da Turanci, ina jero sunayen Latin, gumi yana karyo mini. Mutumin fuskarsa sai ƙara ɗaurewa take. Bashar ya fito a hankali, ya gaishe shi, ya ce, "Yallaɓai, ganyen sabara ne, irin wanda ake dafa wa mai jego. Murza ka ji." Ya murza, ya yi dariya, ya ce uwarsa ma tana dafawa. Har da ɗaga mana hannu. Ni da na busar da ganyen da hannuna ban iya kuɓutar da kaina ba, sai yaron da na koya wa aiki.

Daga Gusau muka karkata yamma, muka isa Anka kafin la'asar. Gari ne na babura, ko'ina ka juya sai ƙararsu. Abin da na fara lura da shi, da ƙafar Bashar ta taɓa ƙasar nan harshensa ya juye. Mutumin da ke cewa "muka zo" a Kano ya koma "munka taho," "me" ta zama "mi." Ni kuwa ina buɗe baki sai a yi murmushi a ce, "Bakano na." Da mutane suka ga katako da jakunkuna da na'urar nuna wuri, wani ya matso ya yi ƙasa da murya ya tambaya ko zinari muka zo dubawa. Wani dattijo kuma ya ɗauka masu awon ƙasa ne, irin waɗanda suka riƙa zuwa Dareta lokacin da gubar dalma ta ɗauke musu yara. Da aka ce masa ciyawa muke nema sai ya ce Allah ya ba da sa'a, amma na ga bai yarda ba.

A gidan wani malamin allo muka sauka, aminin mahaifin Bashar. Aka ba mu shago mai tabarma biyu, aka kawo tuwon dawa da miyar sure, wato yakuwarmu ta Kano, sai dai su ba sa tausaya wa baƙo wajen tsami. Da safe aka kawo hoce, wata gurasar dawa mai kauri, wadda in ka ci biyu ka kora da ruwa ka gama da yunwa sai azahar. Bashar ya ci huɗu yana lumshe ido. Ni na ci ɗaya da rabi ina tunanin ƙosan unguwarmu.

Da yamma, bayan mun dawo daga yawon farko, na baje jaridu a ƙasan zaure ina shirya tsirran da muka tsinto, na hau kan katako da gwiwa ina jan igiya. Sai malamin ya tsaya a kaina.

"Malam Isiyaku, ku yi haƙuri. Takardun ga da kuka takawa, kun dibi abin da anka rubuta ciki?"

Na duba. Jaridar Hausa ce, shafin ta'aziyya, ga sunan Allah ƙarƙashin gwiwata. Shekara ashirin da biyu ban taɓa kawo wannan a raina ba. Kunya ta rufe ni. Kafin in haɗa kalma biyu Bashar ya durƙusa, ya ce laifinsa ne da bai tace su tun daga Kano ba. Suka zauna shi da malamin suna ware jaridun shafi-shafi, na ƙwallo da na talla gefe guda, masu aya ko addu'a gefe guda, suna hira suna dariya. Malamin ya sa masa albarka har sau uku. Ni ban samu ko ɗaya ba, ga shi rabin jariduna sun tafi.

Kashegari a bayan gari Bashar ya hango wata igiya rawaya ta lulluɓe shinge. Ya yi kabbara, ya zaro almakashi, ya yanka, har ya buɗe littafinsa. Na karɓa na murza tsakanin yatsu, na kai hanci. Ba ƙanshi, ga laushi, ga furanni a dunƙule.

"Dakta," na ce, ina jan kalmar, "wannan ai mai kama da ita ce. Ta gaskiya ta fi tauri, in ka murza za ka ji ɗan ƙanshi, 'ya'yanta kuma farare ne masu ruwa."

Na ji daɗin da rabona da shi tun ranar da aka ɗaura mini aure. Amma ko minti ɗaya bai yi ba. Bashar ya juya ga direbanmu ya ce, "Ka gani? Shi ya sa na ce in ba da Malam ba, ba ni zuwa." Ya ƙwace mini nasarar ta hanyar yabona. Kuma na lura da abu guda: almakashin kullum a aljihunsa yake. Shi ke yanka, shi ke rubutawa, ni ke dannewa. Na ce a raina, tarihi zai maimaita kansa.

Hanyar Bukkuyum ta ci mana taya ɗaya da rabin yini. Mun iske ranar kasuwa ce, shanu da tumaki sun cika fili, Fillanci da Hausa suna cakuɗe a bakin mutane har ba ka san inda ɗaya ta tsaya ba. A can in mutum ya gaishe ka sai ya bi gidanku ɗaki-ɗaki, har dabbobi, ba irin tamu ta Kano ba da ake gaisawa ana tafiya. Wani tsohon abokin karatun Bashar ya yi caraf da shi, wai sai ya je ya yi wa ɗaliban makarantarsu magana. Aka tafi da shi kamar ango, aka bar ni gadin mota a gindin wata tsamiya.

Nan wani makiyayi mai suna Malam Jaɓɓi ya zo ya zauna yana gyara takalminsa. Ya sa aka dama mana fura da nono, irin nonon da cokali ke tsayawa a ciki. Cikin hira na kwatanta masa abin da muke nema.

"Wagga igiya da ba ta da gindi? Na san ta. Tana nan bakin rahi bisa wata magarya, hada ɗiyanta hwarare. Ba nisa, in kana iya tahiya."

Abin da ya kamata in yi, in ce ya jira Dakta. Abin da na yi, na ce wa direba zan zaga, na bi bayan Malam Jaɓɓi da 'yar wuƙar aljihuna. Tafiyar ba ta kai rabin sa'a ba. Ga ta nan kuwa, ta yi wa magaryar rumfa, koriya tana komawa ruwan goro, ga ƙananan furanni a jere, ga 'ya'ya farare kamar ƙwayar masara. Na murza na ji ƙanshin. Na yanko ta tare da reshen magaryar, yadda ake so, na buɗe littafina na cike gaban lamba ɗaya. Sannan na cusa ta a baƙar leda, na ƙulle, na tura can ƙasan jakata ƙarƙashin kayan sawa.

Na san doka, ni na kafa ta a ɗakinmu. Amma katakon matsi ɗaya ne, kuma kowace safiya tare muke canza jaridunsa. In ta shiga can, na ce a raina, ta zama ta tafiyar Dakta, sunana in ya samu shiga sai dai a bayan nasa. Na yi wa kaina alkawarin zan sami kaɗaici in shimfiɗa ta ko cikin littafi ne. Kaɗaicin bai samu ba. A Bukkuyum ɗaki ɗaya aka ba mu. Da safe kuma labari ya zo cewa kada kowa ya nufi wajen rafin nan kwana biyu, an ga baƙin fuska. Muka kama hanyar Gummi, jakata tana bayan mota, rana tana dukanta.

Gummi garin su Bashar ne, kuma nan na ga abin da ya ƙarasa ni. Tun daga bakin kasuwa ake kiran sunansa. Mahaifiyarsa, Inna Hassi, tsohuwa ce 'yar ƙarama mai kaifin ido, ta leƙo zaure ta gaishe ni, ta ce, "Kai na malamin Auta? Kullum shina zancenka." Ta aiko da tuwon shinkafa da miyar kifin gulbi, da dambun zogale, da fura. Ban taɓa cin kifi mai daɗin wannan ba, kuma ban taɓa cin abinci da ƙuncin rai kamar wannan ba. Mutum guda, ga digiri, ga ofis, ga gari, ga uwa.

Kwana biyu muna bin bakin gulbi da gefen fadamu, iyakar inda aka ce mana da lafiya. Ba mu ga komai ba. Bashar ya rame a idona. A rana ta biyu ya zauna a kan wani kututture, ya cire hula, ya ce, "Malam, wannan ce tafiyar farko da aka ba ni. In na koma hannu rabbana, ba za a sake ba ni wata ba." Na ce, "Allah zai kawo mafita, Dakta." Na faɗi haka abin yana cikin jakata. Ba zan ɓoye ba, wani ɓangare na zuciyata ya tausaya masa, wani ɓangaren kuwa cewa yake, ɗanɗana ka ji.

Safiyar da za mu juyo, muna ɗaure kaya a zaure, Inna ta fito da ƙullin ƙuli-ƙuli da daddawa na tsaraba. Ta ce in buɗe jakata ta sa mini nawa da hannunta. Na ce a bari, ta ce ba a bari. Ina zuge jakar wani wari ya taso, irin na ganyen da ya kwana a tukunya. Ta yamutsa fuska.

"Malam, mi ar ruɓe cikin kayanka?"

Kafin in tare, ta jawo ledar ta kwance. Igiyar ta yi baƙi, furannin sun narke, 'ya'yan sun fashe, farar hunhuna ta rufe reshen magaryar. Bashar ya sunkuya ya duba. Ya ɗauki ɗan guntu ya murza, yadda na koya masa, ya kai hanci. Sannan ya ɗago.

"Tun yaushe, Malam?"

"Tun Bukkuyum."

Ya ajiye guntun a kan ledar. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Inna kuwa ba ta san abin da ke tsakaninmu ba, ita tsiron take kallo.

"Wai wagga banza kuka biɗa tun daga Kano? Auta, mi ah hana ka hwaɗa min? Shekara biyu tana kashe min lalle bayan ɗaki!"

Babu wanda ya taɓa gaya mata abin da muke nema. Mu a ganinmu aikin boko ne, me tsohuwa za ta sani a ciki? Lallen kuma yana can ƙuryar gida, bayan ɗakunan mata, inda baƙo ba ya shiga, shi Bashar ma rabonsa da leƙawa an daɗe. Ta juya ta shige. Na buɗe baki in ce ta dakata, in roƙa a yi mini iso in yanka da hannuna, amma da wane ido? Ba a jima ba ta dawo da wuƙar yankan kuɓewa a hannu ɗaya, a ɗayan kuma rungume da igiyar, ɗanya shar, da furanni da 'ya'ya, har da rassan lallen da ta nannaɗe. Ta zube mana a tabarma.

"Ga ta nan duka, na huta. Ko ɗaya ban bari ba."

Muka durƙusa muka shimfiɗa ta a jarida, ni da shi. Hannu ya san aikinsa ko zuciya ba ta so. Da muka ja igiyar katako, Bashar ya buɗe littafinsa, ya rubuta gari da rana da icen da aka same ta a kai. Da ya zo layin suna sai ya tsaya. Ya miƙo mini alƙalamin.

"Malam, sunan wa za a sa? Abin da ka ce shi za a yi."

Na san abin da yake ba ni. Ba wanda zai sani, Inna ba ta karatun boko, direba yana waje. Shekara ashirin da biyu ina jiran wannan layin, ga shi a gabana fili, ga alƙalami a hannuna. Na dubi wuƙar kuɓewar da ke kan tabarma, har yanzu da ɗanyen ruwan tsiron a bakinta.

Na rubuta: Inna Hassi.

Da aka gaya mata sunanta zai zauna a jami'a har bayan ranmu, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce in dai a kan wannan ne, a zo a rubuta ta a kan tafasa da rai-ɗore ma.

Tawa ruɓaɓɓiyar ban yar ba. Bashar ya ce ko ba komai shaida ce cewa tsiron yana Bukkuyum, kuma gaskiyarsa. Na busar da abin da ya saura, na kashe hunhunar, na manna. A hanyar dawowa har muka wuce Gusau bai yi mini maganar ba, kuma har yau bai yi ba. Yana nan yana rusuna mini yana cewa "Malam," ni kuma, Allah ya yafe mini, har yanzu in na wuce ofishinsa na ji sanyin na'urar nan ta ƙarƙashin ƙofa sai tsohuwar hassadar nan ta motsa.

Masu tambaya, wanda yake son ganin tsarabar Zamfara ya zo ɗakinmu, kabad na uku daga taga. Kwali biyu ne a jere. Na farko kore ne, cikakke, duk baƙon da ya zo sai ya ɗauki hotonsa ya tambaya wace ce wannan masaniya Inna Hassi, a wace jami'a take. Na biyu baƙi ne kamar an tsamo shi daga kwata. Makon jiya sababbin ɗalibai suka zo, na jera su, na faɗa musu cewa tsiro ba ya kwana a leda, na ɗaga baƙin kwalin don su ga abin da ke faruwa. Wata mai tabarau ta matso, ta karanta takardar gefe a hankali, ta ɗago.

"Malam, wane ne wannan Isiyakun, mai lamba ɗaya?"

Na ce, "Ni ne. Ku matso ku duba da kyau."